Horo a cibiyar binciken teku: abin da ɗalibi zai tarar tun daga neman gurbi har zuwa kan jirgi

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ƙanina yana aji uku a jami'a, fannin kimiyyar sinadarai, kuma yana son samun horon bincike a cibiyar nazarin teku. Waɗanda suka san harkar, ku taimaka mana da abin da ake nema da kuma aikin da zai tarar.

Mai duba takardun ɗalibai: Wa alaikumus salam. Ba dole sai ya karanta ilimin teku ba. Cibiyoyin nan suna ɗaukar masu sinadarai, lissafi, fiziks, ilimin halittu, har da injiniyoyi. Cibiyar Woods Hole ta jihar Massachusetts a Amurka, wadda aka kafa a 1930, tana da shirin bazara na mako goma zuwa goma sha biyu ga ɗaliban digirin farko, ana kuma rufe karɓar takardu tun farkon shekara. Masu digiri na biyu da na uku suna bi ta shirin haɗin gwiwarta da jami'ar MIT, wanda ya fara a 1968. Sai dai ya karanta sharuɗɗa da kyau, domin shirin REU, wato horon bincike na ɗaliban digirin farko da gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyi, na 'yan ƙasar ne da masu takardar zama ta dindindin. Abin da ke kayar da mutane shi ne wasiƙar gabatar da kai. Kowa yana rubuta cewa yana ƙaunar teku tun yana yaro. Ya bar wannan, ya ambaci masu bincike biyu ko uku na cibiyar, ya faɗi aikinsu da ya karanta da abin da hannunsa ya iya.

Ma'aikacin jirgin bincike: Idan ya samu fita teku, rayuwarsa za ta koma kan na'urar CTD. Keji ne na ƙarfe mai zagaye, galibi da kwalaben ɗibar ruwa na Niskin 24 masu cin lita goma zuwa goma sha biyu, a ƙasa kuma na'urar da ke auna zafin ruwa, gishiri da zurfi. Ana sauke ta kwalaben a buɗe sama da ƙasa. A tsayar da ita a mita goma na 'yan mintuna har famfonta ya tashi, a dawo da ita kusa da saman ruwa, sannan a sake ta ƙasa da gudun kamar mita ɗaya a daƙiƙa. A hanyar dawowa ake rufe kwalabe, kuma a kowane zurfi a dakata kamar daƙiƙa talatin, in ba haka ba ruwan da kejin ya jawo daga ƙasa ne zai shiga kwalbar. Da ta hau jirgi, kafin ya kwance mashigar iska ta saman kwalba, ya fara danna famfon ɗibar ruwa na ƙasanta. Idan ruwa ya zubo, kwalbar tana yoyo, ya rubuta haka a takarda. Da fensir, don Allah. Biro da ruwan gishiri ba sa jituwa.

Malamar ɗakin gwaji: Malam ya yi daidai. Na ƙara da tsarin ɗiba, domin nan ne sababbi suke ɓata ruwan da aka kwashe awa uku ana jawowa. Ruwan awon oksijin ake fara ɗiba, saboda da zarar an buɗe kwalba iska ta fara shiga. A sa tiyo har gindin kwalbar gilashi, a bar ruwa ya tumbatsa kamar ninki uku na cikinta, a zare tiyon a hankali ruwa na gudu. Sai mililita ɗaya na manganis, mililita ɗaya na haɗin ayodayid da soda, a toshe, a girgiza sosai har gari mai ruwan ƙasa ya bayyana. A juya kwalbar a duba: ko kumfar iska ɗaya kamar kan allura aka gani, a zubar a sake. Hanyar Winkler ke nan, tun 1888 ake amfani da ita, kuma har yau da ita ake gyara karatun na'urorin zamani. Kada ya manta da rubuta zafin ruwan a lokacin ɗiba. Bayan oksijin sai na kabon, sannan sinadaran gina jiki, gishiri, kulorofil a ƙarshe. Na siliket a roba ake zuba shi, gilashi yana ƙara masa siliket na ƙarya.

Mai nazarin fulanktan (ƙananan halittun da ke yawo a ruwa): Kulorofil kuma, wato koren launin tsirrai, maƙiyinsa haske ne. A tace a wuri mai duhu-duhu, da takardar tacewa ta zaren gilashi (GF/F), injin tsotso a ƙasa-ƙasa, domin ƙarfin tsotso yana fasa ƙwayoyin halittar launin ya bi ruwa ya tafi. A ɗauki takardar da matsefata, a ninke, a naɗe da takardar alminiyam, sai firiza, ko kuma kai tsaye cikin asiton kashi 90 cikin ɗari ta kwana a sanyi. Ƙananan dabbobin da raga ta kamo ana adana su a fomalin kashi huɗu, a sa lakabi biyu, ɗaya a waje ɗaya a cikin kwalbar, domin na waje yakan goge.

Mai tambaya: Madalla. To maganar jiri da amai fa, Malam?

Ma'aikacin jirgin bincike: Ya sha magani tun kafin jirgi ya bar tasha, bayan amai ya fara ba ya zama a ciki. Galibi kwana biyu zuwa uku jiki ya saba. Duti awa goma sha biyu ne a jiragen da yawa, kuma ba a hawa dandalin jirgi sai da hular kwano, rigar ceto da takalmi mai ƙarfe a baki. Kada ya tsaya ƙarƙashin wayar da ke ɗauke da kaya. Duk abin da ke kan teburi a ɗaure shi.

Mai sarrafa bayanai: Ni dai shawarata ya fara tun yanzu, ba sai ya ga teku ba. Mako biyu a jirgi yakan haifar da watanni a gaban kwamfuta, kuma wanda ya zo bai iya harsunan kwamfuta na Python ko R ba, rabin horonsa a nan zai ƙare. Bayanan shirin awon teku na Argo kyauta suke a intanet: na'urori kusan 4,000 ne ke yawo a tekunan duniya, kowace tana nutsewa zuwa mita 2,000 ta taso duk kwana goma. Ya sauke na na'ura guda, ya buɗe da manhajar Ocean Data View, ya zana yadda zafi da gishiri ke sauyawa da zurfi. Ya lura da lambobin inganci da ke gefen kowane awo, ɗaya mai kyau ne, huɗu na zubarwa. Wannan zanen ya ambata a wasiƙarsa.