Sake yin digirin farko a Fiziks: ta wace ƙofa zan shiga?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da digiri a fannin tattalin arziki, na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyar da lissafi a wata sakandare a Argungu. Raina dai yana kan Fiziks, ina son karanta shi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko jami'ar jihar Kebbi da ke Aliero.

Ga inda na maƙale: shin JAMB za ta bar ni in shiga aji biyu kai tsaye da digirin da ba na kimiyya ba, ko sai na sake zana UTME? Kuma a WAEC ɗina, Kemistiri D7 na samu, Fiziks C5. In haɗa da NECO ta waje?

Aikin nan kuwa ba zan iya ajiye shi ba, da shi nake ci da iyali. Wanda ya bi hanyar nan, don Allah ya taimaka.