Neman shawara: ɗiyata ta fara girma, kuma babu uwa a ɗaki

Mai neman shawara, Garin Malam:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗiya mai shekara 12, ita ce 'yar farina. Mahaifiyarta ta rasu tun tana firamare, yanzu muna zaune da ƙannenta maza biyu da tsohuwata, wadda idonta ya yi rauni. Bana ta shiga sizyam, ajin farko na kolej. Kwanan nan ta canza mini: ba ta zama hira, abu kaɗan sai kuka, wata rana ta ce ciwon ciki ta ƙi zuwa lakwal, wato makarantar boko. Na ga tana wanke zane da dare tana shanya shi cikin ɗaki. Ga shi kuma ta dame ni da maganar salula. Ina zaton al'ada ce ta fara, amma nauyin bakin ya hana ni tambaya. Me ya kamata uba ya yi a nan?

Ungozoma, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan mahaifiyarta. Zatonka na kan hanya. Yawancin 'yan mata suna fara al'ada tsakanin shekara 10 da 15, kamar shekara biyu bayan ƙirji ya fara fitowa. Wankin dare da shanya a ɗaki alama ce ba ta da kayan da take bukata, kuma tana ɓoyewa.

Ka fara da kaya kafin magana. A rana tana bukatar audugar mata 3 zuwa 5, a canza kowane awa 4 zuwa 6, don haka fakiti biyu masu guda goma-goma za su kai ta wata. Ka haɗa da kamfai na auduga kamar guda shida masu duhun launi, rigar mama biyu daidai jikinta, sabulun wanki, da bokiti nata ita kaɗai mai murfi. In aljihu bai kai audugar kanti kowane wata ba, ƙunzugu na tsohon zanen auduga mai laushi ya wadatar, amma da sharaɗi: a fara jiƙa shi da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana kama jini a jikin yadi, a wanke da sabulu, a shanya a rana har ya bushe ƙaƙas. Wanda ya bushe a lungun ɗaki da danshi-danshi shi ke kawo ƙaiƙayi da wari. Ka ɗaura mata igiyar shanya a bayan ɗaki inda maza ba sa bi, tana iya rufa wani siririn gyale a kai.

Sai ruwa. Kowa ya san halin ruwa a Damagaram, musamman lokacin bazara. Yarinya ba za ta buɗe baki ta ce a ƙara mata ruwa ba, sai dai ta rage wanka. Ka sa ɗan garuwa ya riƙa ƙara bido (jarka) ɗaya da sunanta, kada a haɗa shi da na girki.

Ciwon mara na rana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba. Ta ɗora tsumma mai ɗumi ko gorar ruwan ɗumi a marar. Yarinya mai nauyin kilo 35 zuwa 45 tana iya shan farasitamol 500 mg ƙwaya ɗaya, ba ƙasa da awa 6 tsakani ba. Ibuprofen ya fi kama irin wannan ciwon, amma sai bayan cin abinci, kuma ba a ba mai gyambon ciki. A saya a farmasi, ba a tiren 'yan yawo da ya sha rana ba.

A shekarun farko al'adar ba ta da tsari, tsakanin wannan da waccan yana iya zama kwana 21 har zuwa 45, wannan ba ciwo ba ne. Abin da zai sa a kai ta CSI, wato asibitin unguwa: jini ya wuce kwana 7, ko tana jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko biyu, ko ta yi wata uku ba ta gani ba, ko ciwon yana kwantar da ita kowane wata. Ka riƙa duban tafin hannunta da cikin fatar idonta. In sun yi fari, tana haki, tana jiri, ko tana kwaɗayin cin farar ƙasa, jini ne ya yi ƙasa, a auna. Hanta sau ɗaya a mako, wake, zogale, da matsin lemun tsami a abinci suna taimakawa. Shayi kuwa a bar tazarar awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

Hajiya, Birni:
Ɗana, duk abin da ungozoma ta lissafa ka saya, amma kada kai ka miƙa mata hannu da hannu. 'Yar fari ce, ga kunyar uba, za ka sa ta shige ɗaki ta ƙara rufewa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ka zaɓi mace ɗaya, goggonta ko ƙanwar mahaifiyarta, ka ce mata wannan yarinya amanarki ce. Ɗaya na ce, ba uku ba, don in kowa ya sa baki magana ta fita gida. Ita za ta kawo kayan kamar daga hannunta, ta zauna da ita ta koya mata. Bayan haka ka ware kuɗin wata ka riƙa ajiyewa a wuri guda da ta sani, cikin gwangwani ko ƙasan akwatinta, ba sai ta roƙa ba, kai ma kada ka tambayi me aka saya.

Wurin kwana fa? In har yanzu ɗaki ɗaya take da ƙannenta, a mayar da ita wurin kakarta yau. A sa wa ƙofar makewayi sakata ta ciki, in labule ne a canza. Kai ma ka daina faɗa wa ɗakin ba sallama. Ƙannen kuma ka ja musu kunne, ranar da suka ga ba ta yi salla ba kada wanda ya ce uffan, balle tsokana.

Kukan nan da fushin ba raini ba ne, jiki ne ke juyawa. Kada ka yi mata faɗa gaban ƙannenta ko baƙi. In ta yi laifi ka bari har bayan isha'i, ka kira ta gefe, ka faɗi laifin guda ɗaya, kada ka tono na bara. Hira kuma ba a zaunar da yarinya a ce to faɗa mini damuwarki. Ka ba ta lissafin cefane ta riƙe, ka tafi da ita Kasuwar Dole ranar Alhamis in babu lakwal, ka bari ita ta yi cinikin atamfarta. A hanya bakin yake buɗewa.

Malamar Islamiyya, Zango:
Ƙari a kan maganar Hajiya. Daga ranar da ta ga jinin ta balaga, salla da azumi sun hau kanta, don haka wadda za ta koya mata ta san hukuncin, ba tsafta kaɗai ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Ahalari, mai farawa tana barin salla muddin jini na zuba, iyakarsa kwana 15. In ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da salla. Tsarki ana gane shi da ɗayan biyu: bushewa, wato ta sa ƙyalle ya fito ba jini, ko farin ruwan da ke biyo bayan al'ada. Sallar da ta wuce ba a rama ta, azumi ana ramawa, saboda haka ta riƙa rubuta kwanakin Ramadan da ta sha a bayan littafinta.

Wankan: niyya, game jiki da ruwa, cuɗawa, tsettsefe gashi, da yin su a jere ba tare da dogon jinkiri ba. Inda yara suka fi kuskure shi ne kitso. Ba dole ta kwance ba in ruwa na ratsawa, ta zuba ta matsa shi har ya kai fatar kai. In an yi shi da zare mai yawa an ɗaure tamau, sai an kwance. Kuma kada ta daina zuwa Islamiyya a kwanakin, malamanmu sun halatta wa mai haila karatun Alƙur'ani da ka, da taɓa shi ga mai koyo. Yara da dama hadda ke zube musu saboda rashin sanin wannan.

Mushe, malamin kolej:
Malam, sizyam aji ne mai santsi. A CM2, ajin ƙarshe na firamare, malami ɗaya ne ya san ta da sunanta, a kolej kowane darasi da malaminsa, ajin ya cika, ba mai lura ta yi fashin kwana uku sai sirbeyan, mai kula da zuwan ɗalibai. Kwana uku kowane wata, a shekara ta rasa kusan wata guda na karatu, daga nan maki ya sauka ƙasa da 10 bisa 20, a ce ta maimaita aji, sai gwiwa ta yi sanyi tun ba a kai maganar BEPC, jarrabawar ƙarshen kolej, ba. Ka je da kanka ka gana da sirbeyan, ka bar masa lambarka ya kira in bai gan ta ba. Cikin jakarta kullum a sami auduga biyu, kamfai ɗaya da leda baƙa. Ka riƙa buɗe littattafanta a ƙarshen mako, ko ba ka jin Faransanci kwanan wata da ke saman shafi zai nuna maka ranar da ba a rubuta komai ba. In da kabu-kabu take zuwa, mutum ɗaya sananne, kai za ka biya shi a wata, kada kuɗi su riƙa shiga tsakaninta da shi. Salula kam ni ban goyi baya ba a wannan shekarun.

Mai gyaran waya, Kasuwar Dole:
Mushe, a nan na ɗan saɓa maka. In an hana gaba ɗaya, ta ƙawa za ta ara, ko wani ya saya mata a ɓoye, wannan ce mai haɗarin. A ba ta ƙaramar mai maɓallai, layin da rajistar sunan uban, don kira kawai. Babbar waya a jira, WhatsApp da TikTok ma dokarsu shekara 13 ce mafi ƙaranci. In lakwal ta bukaci intanet ta yi amfani da ta Malam a tsakar gida. Ƙarfe tara na dare waya ta kwana a ɗakin uba, domin mai shekarunta tana bukatar barcin awa 9 ko fiye. Ka gaya mata tun farko cewa za ka riƙa dubawa, kada ka yi a ɓoye ta kama ka. Ka kuma lura da kuɗin kira: in kai ka sa na dala ashirin amma kullum layin a cike, wani ne ke turowa, sai a bi a hankali a san ko wane ne.

Mai neman shawara, Garin Malam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, goggonta tana aure a Mirriya, ƙanwar mahaifiyarta kuma tana nan Birni, sai dai tun bayan rasuwar zumuncin ya yi sanyi. Wacce zan nema?

Hajiya, Birni:
Ta Birni. Abin nan na kowane wata ne, wani lokacin da tsakar dare, mai nisa ba za ta iya ba, kuma yarinya ta fi sakin jiki da ɗakin uwarta. Kada ka aika, ka je da ƙafarka bayan la'asar da ɗan goro, ka gaida mijinta tukuna, sannan ka ce mata ɗiyarki ta girma, na kawo miki ita. Ka kira goggon a waya ka sanar da ita a ranar, kada ta ji a bakin wani. Ranar Juma'a ka kai yarinyar ta wuni can, kuɗin kayan ka ba innar tun kafin ranar.