Ohio State a kakar 2025: za su iya riƙe kambu bayan tafiyar mutum 14? (Tattaunawar da aka yi kafin a fara kakar 2025)

Ɗan-Tsakiya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bin ƙwallon ƙafar Amurka ta jami'o'i. Ohio State ta ɗauki kofi ranar 20 ga Janairu 2025 bayan ta doke Notre Dame da ci 34 da 23 a Atlanta. Daga nan NFL, gasar ƙwararru, ta kwashe mata 'yan wasa 14 a zaɓen da take yi zagaye-zagaye, kocin hari Chip Kelly ya koma Raiders, kocin tsaro Jim Knowles ya tafi Penn State. Wasu na cewa tunda mai cafe ƙwallo Jeremiah Smith da ɗan tsaro Caleb Downs na nan, babu abin da zai taɓa su. Wasu kuma na cewa abin da ya samu LSU (Jami'ar Jihar Louisiana) a 2020 ne ke jiran su. Don Allah masana, da me ake auna irin wannan ƙungiya kafin a fara kaka? Kuma wasa nawa kuke ganin za su ci a cikin 12?

Mai-Alli:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ajiye adadin 14 ɗin nan tukuna, ka duba daga ina aka cire su.

Takwas 'yan tsaro ne, shida 'yan hari. A cikin takwas ɗin akwai dukkan mutum huɗu na sahun gaba: Jack Sawyer da JT Tuimoloau a gefe, Tyleik Williams da Ty Hamilton a tsakiya. A nan ciwon yake. Tsaron Ohio State na bara, wato kakar 2024, shi ne na ɗaya a ƙasar wajen hana maki, kimanin 12.9 a kowane wasa, kuma sirrin bai wuce cewa mutum huɗun nan na isa ga kwatabak, wato jagoran hari mai jefa ƙwallo, su kaɗai ba. Idan huɗu sun wadatar, sauran bakwai sai su koma baya su tsare masu cafe ƙwallo. Idan huɗu ba su wadatar ba, dole koci ya ƙara tura mutum na biyar ko na shida, kuma duk wanda ya tura ya bar gurbi a baya. Nan ake cin ƙungiya da doguwar jifa.

Masu maye gurbin su ne Kenyatta Jackson da Caden Curry a gefe, Kayden McDonald da Eddrick Houston a tsakiya. Babu mai shakkar ƙwarewarsu. Amma wanda ya saba shiga zubi 20 (zubi shi ne kowane yunƙuri ɗaya na kai ƙwallo gaba) yana hutawa daban yake da wanda zai yi zubi 55 zuwa 60, ƙato mai kilo 140 na danne shi tun daga farko har kwata na huɗu. Don haka idan kana karanta rahoton atisayen watan Agusta, kada ka tsaya kan huɗun farko. Nemi sunan na biyar zuwa na takwas, musamman a tsakiya. Ƙungiyar da za ta kai wasan ƙarshe za ta buga wasa 16 ko 17, kuma ba a yin wannan tafiya da 'yan tsakiya biyu.

Abu na biyu, kwatabak. Will Howard ya jefa yadi 4,010 da tacdawun (kai ƙwallo ƙarshen fili) 35 a bara, kuma ya zo ne da gogewar shekara huɗu daga Kansas State. Julian Sayin, wanda ake kyautata zaton zai gaje shi idan ya kayar da Lincoln Kienholz a takara, jifa 12 kacal ya yi a bara, duk a lokacin da wasa ya riga ya ƙare. Hannunsa na da saiti kuma yana sakin ƙwallo da wuri, amma ba shi da jikin Howard. Wannan zai fito fili a zubi na uku ko na huɗu idan saura yadi ɗaya, inda a bara kwatabak kan sa kafaɗa ya tura da kansa.

Ni lissafina 10 da 2, wato nasara 10, faɗuwa 2.

Hajiya Kididdiga:

Malam Mai-Alli ya kama bakin zaren. Bari in ƙara da misalai uku, don zakaran da ya rasa mutane da yawa ba yau aka fara gani ba.

LSU ta ci wasa 15 ba faɗuwa a 2019, ita ma aka ɗauke mata mutum 14. Joe Burrow ya tafi, Joe Brady mai tsara jifa ya tafi, kocin tsaro Dave Aranda ya koma Baylor. A wasan farko na 2020 Mississippi State ta jefa musu yadi 623, suka ƙare kaka da 5 da 5. Michigan ta ci 15 a 2023, aka ɗauki mutum 13, Jim Harbaugh ya koma Chargers, J.J. McCarthy ya tafi, suka yi ta jujjuya kwatabak uku a 2024, suka ƙare da 8 da 5.

Georgia kuwa an ɗauke mata 15 bayan kofin 2021, biyar daga ciki 'yan tsaro a zagayen farko, kocin tsaro Dan Lanning ya tafi Oregon, amma ta dawo ta ci 15 ba faɗuwa. Me ya bambanta ta? Kwatabak Stetson Bennett ya dawo, kocin hari Todd Monken ya zauna, kuma tsaron na Kirby Smart ne tun asali, don haka tsarin bai canja ba ko da mai kiran zubi ya canja.

To sa Ohio State a wannan ma'auni. A hari ta yi kama da Georgia ta gefe ɗaya: tsarin na Ryan Day ne tun kafin ya zama babban koci a 2019, kuma Brian Hartline da aka ɗaga ɗan gida ne. Ta ɗaya gefen kuma babu Bennett ɗinta. A tsaro ta fi kama da LSU, saboda tsarin na Knowles ne ya tafi da abinsa, har ma ya kai shi gidan abokan hamayya.

Abin da ya hana ni hasashen rugujewa shi ne ɗibar yara daga sakandare. Akwai ƙididdigar da Bud Elliott ya shahara da ita: a shekarun baya har zuwa kakar 2024, duk ƙungiyar da ta ci kofi, fiye da rabin yaran da ta ɗiba a shekara huɗun baya masu tauraro huɗu ko biyar ne a ma'aunin ƙwarewa. Ta Ohio State na kusan kashi 90 cikin ɗari. Irin wannan ƙungiya ko ta yi tuntuɓe, a kan 9 ko 10 take tsayawa, sai dai idan kwatabak ya gaza gaba ɗaya.

Ga wani gargaɗi ga mai son yin lissafi da kansa: kada ka ƙirga 'yan wasan farko da suka dawo kawai. Ƙirga zubin da suka buga. Bill Connelly na ESPN haka yake yi, yana ba kowane matsayi nauyinsa. Misali, katangar da ke kare kwatabak ta rasa Josh Simmons da Donovan Jackson, duka a zagayen farko, da ɗan tsakiya Seth McLaughlin. A takarda abin tsoro ne. Amma Simmons ya ji rauni a gwiwa tun wasan Oregon a Oktoba, McLaughlin ya tsinke agara a Nuwamba. Carson Hinzman da Austin Siereveld da Luke Montgomery da Tegra Tshabola su suka buga wasannin sili-ɗaya-ƙwale, suka yi ido biyu da Tennessee da Oregon da Texas da Notre Dame. Raunin bara ya zama jarin bana.

Baban Sadiq:

Hajiya, na yarda da ke a kan katanga, sai dai wuri ɗaya. Yaran da kika lissafa galibi 'yan ciki ne. Matsalar tana gefen hagu, bayan kwatabak, inda ba ya ganin mai zuwa. A bara Jackson ne ya bar gurbinsa na ciki ya toshe wurin, ga shi ya tafi. Sun ɗauko Ethan Onianwa daga Rice, amma tsallakowa daga can zuwa Big Ten, rukunin da Ohio State ke ciki, ba wasa ba ne, kuma kocin katangar ma sabo ne, Tyler Bowen, bayan Justin Frye ya koma Arizona Cardinals. Mutum biyar da ba su saba da juna ba, kuskurensu ɗaya ne kullum: idan 'yan tsaro biyu suka yi musayar hanya, na waje ya shigo ciki, na ciki ya zagaya waje, sai biyu su bi mutum ɗaya, ɗayan ya wuce fayau. Sabon kwatabak da ya sha ƙasa sau biyu a kwata na farko yakan fara kallon masu zuwa maimakon kallon fili.

Amma abin da na fi son a tattauna shi ne Matt Patricia, wanda ya gaji Knowles a matsayin kocin tsaro. Mutane na kallon tarihinsa a Detroit Lions, nasara 13, faɗuwa 29, canjaras 1, su yanke hukunci. Wancan aikin babban koci ne. A matsayin kocin tsaro ya yi shekara shida a New England, 2012 zuwa 2017, ya san aikin. Damuwata ita ce rabonsa da ƙwallon jami'a fiye da shekara 20, kuma dokokin sun bambanta a wurare uku masu cizo.

Na farko faɗin layukan da ake ajiye ƙwallo. A NFL tazarar ƙafa 18 da rabi ce, ƙwallo kullum na kusa da tsakiya. A jami'a ƙafa 40 ce, don haka idan aka ajiye ta a layin hagu, gefen dama ya zama fili fetal, kuma dole tsaro ya yanke shawarar inda zai karkata ƙarin mutum. Na biyu, 'yan katanga a jami'a na iya kutsawa har yadi uku kafin a jefa ƙwallo, a NFL yadi ɗaya ne. Wannan ya sa zubin da kwatabak ke zaɓa tsakanin miƙa ƙwallo da jefawa ya fi cutarwa a jami'a: ɗan tsaron tsakiya na ganin katanga ta matso, sai ya taso tare gudu, a jefa ta bayan kunnensa. Na uku lokaci. Dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, awa 20 ce a mako, yaran ɗalibai ne. Kocin da ya saba da ƙwararru yakan cika musu kai da kiraye-kiraye, sai ka ga mutum biyu na kallon juna bayan an wuce su.

Abin da zai sauƙaƙa masa shi ne Downs da Sonny Styles, masu iya jera mutane a fili, da kuma na'urar magana a hular ɗan wasa ɗaya da aka halatta tun 2024, wadda ake yankewa idan saura daƙiƙa 15 a agogon zubi.

Mai-Alli:

Baban Sadiq ya kawo magana. A ƙara da jadawali, don ƙungiya ba a sarari take wasa ba.

Texas za ta zo Columbus ranar 30 ga Agusta da Arch Manning, da tsakar rana agogonsu, ƙarfe 5 na yamma a Najeriya da Nijar. Sai Grambling State da Ohio University, waɗannan ɗumama jiki ne. Ranar 27 ga Satumba za su Seattle wajen Washington, fitar Sayin ta farko, a filin da hayaniya ke hana katanga jin kira. Illinois, wadda ta ci 10 a bara, a gidanta ranar 11 ga Oktoba. Penn State a Columbus ranar 1 ga Nuwamba, da Drew Allar da Nicholas Singleton da Kaytron Allen duk sun dawo, ga Knowles da ya san gidan ciki da waje. Sai Michigan a Ann Arbor ranar 29 ga Nuwamba. Babu Oregon a jadawalin, wannan sa'a ce.

Wasa biyar ke nan masu haɗari. Ka ba su uku daga ciki, ka samu 10 da 2, kuma 10 da 2 a Big Ten na shiga cikin ƙungiyoyi 12 masu neman kofi. Bara ma da hakan suka shiga.

Game da Smith, kada a ɗauka yaro ɗaya zai ɗauki kaka a kai. Ya cafe 76, yadi 1,315, tacdawun 15 a shekararsa ta farko, gaskiya ne. Amma Texas ta sa masa mutum biyu a Cotton Bowl, wasan kusa da na ƙarshe, ɗaya a gabansa ɗaya a samansa, ya tashi da cafa ɗaya ta yadi 3. Ohio State ta tsira ne don akwai Emeka Egbuka da TreVeyon Henderson da Quinshon Judkins, kuma duka ukun sun tafi. Yanzu Carnell Tate da Max Klare da aka ɗauko daga Purdue su za su hukunta duk wanda ya ninka wa Smith tsaro. Idan ba su yi ba, kowa zai kwafi Texas.

Ɗan-Tsakiya:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Tambaya ɗaya ta rage: Michigan fa? Shekara huɗu a jere, 2021 zuwa 2024, sun ci mu, har da bara da ba su da kwatabak na kirki.

Hajiya Kididdiga:

Ƙanina, koma ka kalli wasan bara da Michigan ta ci 13 da 10, amsar na ciki. Ohio State ta yi gudu da ƙwallo sau 26 ta samu yadi 77, galibi ta tsakiya, inda Mason Graham da Kenneth Grant ke tsaye. An cafke wa Howard jifa biyu, Jayden Fielding ya ɓarar da bugun maki uku har sau biyu. Wato an kai wasan inda Michigan ta fi ƙarfi, aka bar Smith a gefe yana kaɗa hannu. Mako uku bayan haka suka buɗe jifa tun zubin farko, suka zuba wa Tennessee 42, daga baya suka zuba wa Oregon 41.

Graham da Grant duka sun tafi a zagayen farko, kuma da alama Bryce Underwood, ɗan shekarar farko, shi zai riƙe musu hari. A takarda Ohio State ce a sama. Amma Ann Arbor a ƙarshen Nuwamba akwai sanyi da iska, jifa kan yi wuya. Abin da za ka sa wa ido tun daga Oktoba shi ne yadin da James Peoples da CJ Donaldson ke samu a zubin farko. Idan suna samun huɗu zuwa biyar a kan Illinois da Wisconsin da Penn State, Sayin zai je Ann Arbor da zubi na uku gajere. Idan biyu suke samu, zai tsinci kansa a zubi na uku saura yadi takwas a gaban mutum fiye da dubu 107. Ni na rubuta 10 da 2, kuma Texas da Penn State na sa a faɗuwar, ba Michigan ba.