Shekarata 26, haƙorana biyu na gaba sun fita: in sa na roba ko in jira?

Malamar Aji Uku: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina bin abin da ake tattaunawa a zauren nan, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba sai yau. Wata huɗu ke nan da adaidaita-sahun da na hau ya kife da mu a hanyar makaranta, bakina ya daki ƙarfen da ke bayan kujerar direba. Haƙorana biyu na gaba, na sama, ɗaya ya fita nan take, ɗayan ya karye har cikin dasashi, sai da aka cire shi a asibiti. Tun ranar ban sake fita ba takunkumi ba, irin na lokacin korona, har yara suna tambayata ko murar ce ba ta sake ni ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne karatu a aji. In na zo kan "sa" ko "fa" sai iska ta bi ta giɓin, na baya ba sa jin me na ce. Ga shi an sa bikina bayan babbar Sallah. Likita ya ce in sa na roba mai cirewa, ni kuwa ina jin haka sai kakata ta faɗo mini a rai, da kofin da take ajiye nata a gefen gado. Don Allah wanda ya taɓa sawa ya ba ni shawara.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya tsare gaba, ya sa kaffara ne. Ni da nake rubuta miki wannan, guda uku ne na roba a bakina, ina da shekara 29 aka sa mini, yanzu shekara shida ke nan. Nawa ciwon dasashi ne ya cinye su. Jini nake gani kullum a kan burushi, na ɗauka ba komai ba ne, har suka fara girgiɗi. Ba zan ɓoye miki ba, sati biyun farko akwai wuya. Yawu zai yi ta taruwa, ki ji kamar kin cusa wani abu a baki kin manta ba ki fitar ba, gefe guda kuma ya riƙa gurzar dasashi. In ya gurje ki, ki koma wurin wanda ya yi shi ya rage wurin, aikin minti kaɗan ne. Kada ki sa reza ko wuƙa da kanki. Maganar furuci kuwa, abin da ya taimake ni shi ne tilawa da ƙarfi bayan asuba, ni kaɗai a ɗaki. Kafin wata ya zagayo harshena ya san inda zai sauka. Abinci ki fara da kunu, fate, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi. Rake da gasasshiyar masara ki daina gatsa da gaba, ki yanka ƙanana ki tura can turame. Kilishi ma haka. Alewa mai danƙo dai na haƙura da ita gaba ɗaya, ɗaga shi take yi.

Ɗan Zariya: Malama, ni shawarata in da hali ki yi dashe kawai ki huta. Ƙwallo ce ta fitar mini da ɗaya, aka dasa mini a asibitin Shika. Ƙaramin ƙarfe ne mai kama da kusa, na titaniyam, ake ɗaura shi cikin ƙashin muƙamuƙi, a bar shi wata uku zuwa shida ya kama, sannan a ɗora haƙorin a kai. Ba cirewa, ba kofi. Har tsire nake ja da shi.

Malamar Aji Uku: Na tambayi kuɗinsa, Yaya. Ko ɗaya albashina na wata da watanni bai kai ba, balle biyu, ga hidimar biki.

Anti Mai Jinya: Ƙanwata, bari in ɗan tsawaita, don ɓangaren haƙori nake aiki. Abin da Ɗan Zariya ya faɗa gaskiya ne, amma sa na roba yau ba ya rufe miki ƙofar dashe gobe. Da yawa haka suke yi, su sa na roba su tara kuɗi. Abin da ba na so shi ne ki bar giɓin haka shekara da shekaru. Haƙora kamar sahun salla suke, in wuri ya buɗe na gefe sai su fara karkatowa ciki, wanda ke fuskantar giɓin daga ɗaya muƙamuƙin kuma yana iya zazzagowa tunda ba abin da ke tare shi. Ranar da kika tashi gyara sai a tarar wurin ya tsuke.

Hanya uku ce a gabanki. Akwai mai cirewa, na roba zalla ko wanda aka yi wa gindin ƙarfe siriri, shi ya fi ƙarko kuma bai cika baki kamar na roba ba, sai dai ya fi tsada. Akwai wanda ake cewa gada, a kankare haƙoran da ke gefe biyu a ɗora musu hula, a rataya na tsakiya a jikinsu. Yana zama daram, amma ni ina jin nauyin a kankare lafiyayyen haƙorin yarinya mai shekara 26, domin abin da aka kankare ba ya dawowa. Ki tambaya ko wurinki zai karɓi irin gadar da ake liƙawa ta bayan haƙori, wadda ba ta buƙatar kankara sosai. Sai dashe, wanda ke son ƙashi mai kauri da dasashi mai lafiya. Mai shan taba da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba sukan sha wahalarsa.

Wata huɗun da kika yi ma ya yi miki rana. Bayan cire haƙori ƙashin wurin yana janyewa, ya fi yin haka a watannin farko, shi ya sa haƙorin robar da aka sa a ranar cirewa yakan yi sako-sako daga baya. Naki yanzu ya fara zama, awon zai fi dacewa. Kuma tunda buguwa ce, ki ce a ɗauki hoton na gefen. Wani haƙorin yakan mutu a tsaye bayan buguwa, sai daga baya a ga ya fara duhu.

Baban Halifa: Ni gargaɗi na zo yi, da bakina na ɗanɗana. Wani mai akwati a tasha ya ce zai sa mini a zaune, ba awo ba jira, kuɗi kaɗan. Ya kwaɓa wani gari ruwan hoda da wani ruwa mai warin fenti, ya liƙe haƙorin a jikin na gefe. Ranar har hoto na ɗauka don murna. Abin ba ya cirewa, abinci yana shiga ƙarƙashi ba ya fita. Bayan wata takwas matata ce ta daure ta faɗa mini bakina yana wari. Da aka fasa shi a asibiti, dasashin ya kumbura ya yi jajir, haƙora biyun da aka liƙa a jikinsu duk suna girgiɗi. Giɓi ɗaya na kai, yanzu uku nake da su. Ki je inda za a sa miki wannan abu mai kama da ƙulli a faranti ki ciza, a fitar da surar bakinki. Mu nan Kano akwai ɓangaren haƙori a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala. Layi ne dai, ki yi sammako.

Uwar Gida Sakkwato: Akwai wani mai maganin gargajiya da aka ce yana da garin da ake shafawa haƙori ya sake tsirowa. In kina so in nemo miki.

Anti Mai Jinya: Yaya, ki yi haƙuri, kada ta kashe kuɗinta. Sau biyu haƙori ke fitowa ɗan Adam, 20 na yarinta, sannan 32 na girma. In na girma ya fita da saiwarsa, ba garin da zai tsiro da shi. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi suna rage zogi, iyakarsu ke nan. Masu ɗiga ruwan batir a kogon haƙori kuma don girman Allah su bari, mun ga bakunan da ya ƙona. Abin da nake so kowa a zauren nan ya riƙe: in babban haƙori ya fita ta hanyar buguwa, a ɗauke shi ta kansa, ba ta saiwa ba, kada a kankare shi, a jefa shi cikin madara a garzaya asibiti cikin awa guda. Sau da yawa ana mayar da shi ya kama.

Malamar Aji Uku: Wayyo Anti, da na san wannan. Wani bawan Allah ya tsinto mini shi a kan kwalta, na naɗe a hankici, yana nan cikin jakata har yau.

Hajiya Babba: 'Yata, abin da ya wuce ya wuce, Allah ya bar miki ranki da idonki. Ni tambaya ɗaya gare ni: shi yaron ya sani? In bai sani ba ki faɗa masa tun yanzu, da bakinki, kada ya ji a wurin dangi. Hatsari ne, ba abin kunya kika aikata ba. Mu da muka sa haƙorin Makka da kuɗinmu, muna washe baki kowa ya gani, me zai sa ke da lalura ta same ki ki riƙa ɓoye fuska?

Malam Na Ƙofar Gari: In akwai ɗar-ɗar a zuciyarki ta wajen addini, ki kwantar da hankali. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Da shi malamai suke kafa hujja cewa mayar da gaɓar da ta salwanta magani ne, ba canza halitta ba.

Malamar Aji Uku: Na gode Malam. Hajiya, ya sani, shi ya kai ni asibiti ranar. Amma bai taɓa ganin bakin ba tun da aka cire na biyun. Abin da nake tsoro shi ne dare, a ce amarya ta cire haƙori ta sa a kofi.

Maman 'Yan Biyu: Wannan tsoron na san shi. Na yi wata biyu ina kwana da nawa saboda kunyar maigida, sai da saman bakina ya yi ja yana raɗaɗi. Ki nemi ɗan ƙaramin mazubi mai murfi wanda ba a ganin cikinsa, ki ajiye inda yara ba sa kaiwa. Ranar da na fara cirewa a gabansa, shi ya tashi ya ɗebo mini ruwan.

Anti Mai Jinya: Cirewa da dare dole ne, ba don dasashi ya huta kaɗai ba. Ƙaramin haƙorin roba irin na guda ɗaya ko biyu, in ya yi sako-sako, ana haɗiye shi cikin barci ko wajen shan magani, ya maƙale a maƙogwaro, wani sai an yi aiki. Da kin ji yana rawa ki kai a gyara. Ki wanke shi da burushi mai laushi da sabulu, makilin yana kankare shi. Ki wanke a kan kwano mai ruwa don in ya suɓuce kada ya fashe. Ruwan sanyi za ki jiƙa shi, tafasasshe yana lanƙwasa shi. Ranar zaɓen launi ki fita da madubi bakin taga, ki gwada da na gefensa a hasken rana, kada ki ce sai wanda ya fi fari. Kuma ki fara yanzu, ki ba kanki ko da wata biyu kafin biki.

Malamar Aji Uku: 'Yan'uwa, na dawo da labari. Ranar Talata na je aka ɗauki awo, an yi hoton, na gefen duk lafiya lau. Jiya aka sa mini. Yawun da Maman 'Yan Biyu ta faɗa yana nan, gefen hagu kuma yana ɗan ci na, an ce in koma Litinin. Yau da safe na shiga aji ba takunkumi, wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malama, kin warke?" Na ce mata na warke. "Sa" ɗin har yanzu da ɗan fito a ciki. Anti, mazubin nan, kullum ake canza ruwan ko yana iya kwana biyu?