Wai dole ne duk abin da kwastoma ya ce sai an yi masa?

Maƙerin Jita: Jama'a raina a ɓace yake wallahi. Mutum ya ba ni aikin jita mai tsirkiya 6, muka gama magana kan katako da faɗin wuya, ya ba da kafin alƙalami, na fere fuskar na manna tokaren ciki na rufe akwatin, yanzu ya dawo wai a mayar masa da ita mai tsirkiya 12 kuma a rubuta Gibson, sunan wani shahararren kamfanin jita, a kanta. Na ce ba zan yi ba. Tsirkiyar ƙarfe 6 tana jan kusan kilo 70, guda 12 kuwa ta haura kilo 100, fuskar nan kaurinta bai wuce milimita 3 ba kuma tokaren da na sa ba na wannan nauyin ba ne, in na biye masa za ta kumbura jakin da ke riƙe da tsirkiyoyin ya ɓalle, sunana kuma za a kama. Ni ba kafinta ba ne da za a ce ƙara wa tebur ƙafa. Da zarar an yanka katako an rufe maganar canji.

Oga Kafinta: Malam dakata. Me kake nufi da kai ba kafinta ba ne? Da me kake aikin in ba zarto da gam da samfefa ba?

Maƙerin Jita: Oga ba raini nake nufi ba, aikin ne ya bambanta

Oga Kafinta: Raini ne mana. Kana ganin mu duk abin da aka ce mu yi sai mu ce to? Ni ma in aka kawo min ɗanyen katako ba na taɓawa, na san zai karkace ya tsage, ku kuna jin kanku don kuna aiki da milimita, to ƙofar da ba ta zauna daidai ba waye yake gyara ta?

Anti Mai Waƙa: Haba Oga, tebur yana fitar da sauti ne? Gaskiya ya faɗa, ba ɗaya ba ne.

Ɗan Koyo: Maigidana ya fi kowa iya aikin nan a guruf ɗin nan, duk mai ja ya turo hoton nasa

Oga Kafinta: Yaro bari manya su yi magana.

Makaɗin Biki: Ni dai kuɗina ne, in na ce a sa Gibson a sa min, ina ruwan wani

Masoyin Fender: Alamar kasuwancinsu ce ɗan'uwa, ba a sa wa kayan wani. A 1977 kamfanin da ke da Gibson a lokacin ya kai ƙara kan jitocin Ibanez saboda siffar kan jita kawai, balle suna. Kuma ma me za ka yi da Gibson, da ta faɗi kan ya karye.

Makaɗin Biki: Kai har kana da bakin magana? Jitar kamfanin Fender da aka ɗaure wuyanta da kusoshi 4 kamar ƙafar kujera

Oga Kafinta: Ka ga ni ko, kujera ma yanzu ta zama abin zagi.

Anti Mai Waƙa: Don Allah a koma kan magana. Akwai abin da ko mai aiki yana so ba shi da iko, katakon rosewood na Brazil tun 1992 yarjejeniyar CITES, mai kare tsirrai da dabbobin da ke barazanar ƙarewa, ta ƙuntata cinikinsa tsakanin ƙasashe, in kwastoma ya nace sai shi ba takarda sai a samo masa?

Makaɗin Biki: Anti wa ya kawo maganar Brazil kuma

Admin: To a taƙaice, yawancinmu mun yarda cewa maƙerin jita kafinta ne kamar kowa kuma kalmar da ya faɗa ba ta dace ba, ya kamata ya bai wa Oga haƙuri, dattijo ne kuma shi ya koya wa da yawanmu riƙon zarto. Batun Fender ba na nan ba ne. A rufe haka.

Maƙerin Jita: Admin mutum nawa ne suka yarda? Anti ba ta yarda ba ai. Kuma har yanzu ba wanda ya ce min komai kan kafin alƙalamin, gobe mutumin zai zo, in cire kuɗin katakon da na riga na yanka in ba shi sauran ko in riƙe duka?