Wace kalma za mu ba "galaxy" a Hausa?

Mai buɗe zance, daga Nima, Akra:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Ina rubuta bayani da Hausa domin ɗaliban sakandare na unguwarmu a kan yadda masana falaki ke tattara bayanan abin da Turawa ke kira galaxy, kuma aikin ya tsaya mini a kan sunan abin da kansa. Abin da ake nufi shi ne taurari miliyoyi ko biliyoyi, tare da iskar gas da ƙura, waɗanda ƙarfin janyowa ya riƙe wuri guda. Wanda ranarmu take cikinsa yana da taurari fiye da biliyan 100, kuma haske yana buƙatar kimanin shekara 100,000 kafin ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe.

Tun shekarar 2000 binciken Sloan, wani shirin zana taswirar sama, da na'urar hangen nesa mai madubin da faɗinsa ya kai mita 2.5 a Amurka, ya ɗauki hoton kimanin kashi ɗaya cikin uku na sama ta matatan haske guda biyar. Abin da ya fito daga wannan aiki kundi ne mai layuka miliyoyi, kowane layi na abu ɗaya: ga gurbinsa a sama, ga ƙarfin haskensa ta kowace matata, ga girmansa, ga siffarsa. Kalmar da za ta hau kan irin wannan jadawali dole ta nuna abu ɗaya tak.

A nan ne "gungun taurari", wanda muka fi ji a rediyo, ya gaza mini. Kaza da 'ya'yanta gungun taurari ce ta gaskiya, taurari sama da dubu ne da aka haifa tare, nisansu kimanin shekarar haske 440 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara guda), kuma suna cikin gidanmu, wato galaxy ɗin da ranarmu take ciki. Andromeda kuwa, wadda wata galaxy ce daban, tana nisan shekarar haske miliyan 2.5, kuma ita kanta tana ɗauke da irin waɗannan gungu masu ɗimbin yawa. Idan suna ɗaya muka ba su, mun rushe bambancin da Edwin Hubble ya tabbatar bayan ya gano wani tauraro mai sauya haske a Andromeda a 1923, ya auna nisanta da shi. Ita kuwa "galaksi", duk yaron da ya taɓa zuwa kasuwar waya ta Circle wayar Samsung ce za ta fara zo masa a rai. Ina neman shawararku.

Malamin Islamiyya, daga Aboabo, Kumasi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa wannan aiki albarka. Ilimin taurari ba baƙo ba ne a zaurukanmu, kuma kalmominsa irin su falaki da buruji da hisabi duk daga Larabci muka karɓe su, har suka zauna daram a bakinmu. Larabawa suna cewa majarra. Asalinta sunan farin zanen nan ne da ke ratsa sama a daren da babu wata, daga tushen kalmar da ke nufin jan abu a ƙasa har ya bar sawu, sannan a wannan zamani suka faɗaɗa ta zuwa sauran 'yan'uwansa. Kalmar Turawan ma haka ta yi tafiya, daga sunan madara a harshen Girka.

Ka kuma sanar da ɗalibanka cewa Abdurrahman as-Sufi, a littafinsa na siffofin taurari wajen shekarar 964, ya ambaci Andromeda a matsayin ɗan ƙaramin gajimare, shekaru fiye da 800 kafin Charles Messier ya fitar da cikakken kundinsa a 1781, inda take da lamba 31. Shawarata ita ce majarra.

Malamar kimiyya, daga Madina, Akra:

Allah ya gafarta Malam, ina neman afuwa, zan ɗan saɓa. Yaran da nake koyarwa da yawansu ba su yi nisa a karatun Larabci ba, kuma Hausarsu ta zango cakuɗe take da Turanci da Tuwi. Idan na ce majarra, ina tsoron mujalla za su ji. Ni na saba cewa "birnin taurari", kuma nan take suke kama hoton: tsakiya cunkushe, gefe-gefe kuma gidaje na raguwa har su ƙare. Wannan shi ne ainihin abin da kundin ke aunawa, domin abin ba shi da iyaka a shate, haskensa dusashewa yake yi a hankali, shi ya sa ake auna girmansa da faɗin da'irar da ta ƙunshi rabin haskensa.

Ko wace kalma aka zaɓa, ina roƙon a gwada ta da siffofin da Hubble ya karkasa a 1926, waɗanda har yanzu da su ake aiki. Akwai masu hannuwa a nannaɗe kamar gammo, akwai masu siffar ƙwai, akwai marasa tsari. Rarrabe su da ido aiki ne mai yawa, har ta kai a 2007 aka buɗe shirin Galaxy Zoo aka gayyaci jama'ar gari ta intanet su duba hotuna kusan 900,000 na Sloan. Launi ma yana da nasa labarin, domin masu nannaɗe galibi suna karkata zuwa shuɗi saboda sababbin taurari masu zafi da ake haifa a hannuwansu, masu siffar ƙwai kuma zuwa ja saboda taurarinsu sun tsufa.

Mai buɗe zance:

Na gode, Malam. Na gode, Malama. Na ɗauki gwajin da Malama ta nema, na rubuta jimlolin da aikin zai buƙata da kalmomin biyu, na karanta su da ƙarfi.

"Birnin taurari mai nannaɗe" ya zauna lafiya. Matsalar ta ɓullo ne a mataki na gaba, domin su ma waɗannan abubuwa ba su cika zama ɗai-ɗai ba, taruwa suke yi. Taron da ke buruji na Sumbula ya ƙunshi fiye da dubu. Da kalmar Malama sai mu ce "gungun biranen taurari", ga kuma "gungun taurari na cikin birnin taurari", ga "taurarin tsakiyar birnin taurari". Kalmar taurari tana maimaituwa har mai karatu ya rasa wanne ne a cikin wanne, alhali wannan tsari na ƙarami cikin babba shi ne darasin da kansa. Da kalmar Malam kuwa sai a ce gungun taurari a cikin majarra, majarra a cikin gungun majarru. Kowane mataki ya sami sunansa.

Kalmar tana da wata fa'ida da ta ja hankalina ƙwarai. Ta shigo da siffar sunayen wuri da kunnen Bahaushe ya saba da su, irin su makaranta da mahauta da majema, saboda haka ba ta jin baƙunta a jimla. Mace ce, sai a ce majarrar Andromeda, majarrarmu, wannan majarra tana da nisa. Jam'inta majarru ya bi sawun fitila da fitilu. Kamarta da mujalla gaskiya ce, Malama, amma ba na ganin jimlar da za a rasa gane ko takarda ake nufi ko abin da ke sama, kuma yaran da suka koyi "kwamfuta" da "intanet" cikin ɗan lokaci za su iya koyon wannan. Hukuncina shi ne majarra ta zama kalmar rubutu da jadawali. "Birnin taurari" zan ajiye shi a jimlar farko da ke bayyana wa ɗalibi ma'anarta, domin a wannan gurbi babu abin da ya fi shi.

Ma'aunin haske, wanda Turawa ke kira magnitude, na sa masa "darajar haske". Dalilina shi ne ma'aunin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mafi haske, tauraro mai daraja ta 1 ya fi mai daraja ta 6 haske sau 100, kuma wajen daraja ta 6 ne idon mutum ke tsayawa a dare mai duhu sosai. Da mun ce "yawan haske" da ɗalibi ya zaci 20 ta fi 15. Amma duk mai jin Hausa ya san daraja ta ɗaya tana gaban ta biyu, don haka kalmar da kanta tana koyar da juyin.

Wadda ta rage mini ita ce redshift, wato yadda hasken majarra mai nisa ke miƙewa a kan hanya saboda faɗaɗar sararin samaniya, har layukan da ake gani a cikinsa idan an rarraba shi launi-launi su goce zuwa ɓangaren ja, kuma da girman wannan gocewa ake ƙiyasta nisanta. Na rubuta "gocewa zuwa ja" na ɗan lokaci, sai dai ina son kalmar da za ta hana a rikita ta da jan launin tsofaffin majarru da Malama ta ambata, domin majarra shuɗiya ma tana iya samun gocewa mai girma. Cibiyar hangen taurari ta Vera Rubin da ke ƙasar Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a watan Yunin 2025, za ta ƙara biliyoyin majarru a kundi, kuma galibinsu daga launukansu za a ƙiyasta wannan gocewa, saboda haka ɗalibi zai riƙa haɗuwa da kalmomin biyu a layi ɗaya. Malam, idan littattafan Larabci na zamani suna da lafazin da ya raba su, a taimaka mana da shi. Malama, ki gwada "gocewa zuwa ja" a ajinki, ki faɗa mana abin da yaran suka fahimta.