Injin jirginmu ya fara ba mu wahala, gyara ko canji?

Ɗan Sarkawa:
Salam yan uwa, dan Allah masu sanin injin ruwa ku ba ni shawara. Muna da jirgin katako da muke ɗaukar kaya da mutane daga Yawuri zuwa kasuwannin bakin ruwa, injin mai doki 40 ne irin wanda ake haɗa fetur da baƙin mai, tun Baba na da ƙarfi ake aiki da shi. To yanzu da safe sai ka ja igiya har kafaɗa ta yi tsami kafin ya tashi, in ya tashi kuma ya yi zafi sai ƙarfi ya ragu, ga shan mai kamar me, ruwan da yake fitsarwa ta baya ma ya zama ɗis ɗis. Bakanike ya ce a canza fiston da ringi, yayana kuma ya dage wai mu saida shi mu cika kuɗi mu ɗauko na hannu daga Legas. Sabo dai ba ma maganarsa, kun san yadda dala take. Ya kuka gani?

Oga Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ƙanina kar ka bari kowa ya kwance injin nan sai an auna kwamfireshan tukuna, wato ƙarfin matse iska a cikin silinda, abin awon ɗan ƙarami ne, a ramin fulogi ake ɗaura shi a ja igiya. Silinda biyu gare shi, in duka sun haura 100 a ma'aunin PSI na abin awon kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba to cikin injinka lafiya lau, matsalar tana kafireta ko fulogi ko wajen ruwa. Ni ma abin da ya fi tsaya min a rai a bayaninka ruwan nan ne da ya ragu. Akwai wata roba mai fukafukai a famfon ruwa can ƙasa saman giya, ita ke tura ruwa ya sanyaya injin, ya kamata duk shekara a duba ta amma mutanenmu sai ta gutsure suke tunawa, ga yashin kogin Neja yana cinye ta da wuri musamman in ana tayar da inji a ruwa mara zurfi. Inji in yana zafi dole ƙarfi ya faɗi, in aka ci gaba a haka fiston ya kama ya kakkarce silinda. Sannan ka kwance noti na ƙasan giya ka ga man, in ya fito fari kamar madara to ruwa na shiga, yawanci zaren koma ne ke naɗewa bayan farfela ya yanka sil, robar da ke hana ruwa shiga giya. Duk waɗannan ƙananan kuɗi ne. Inda zan ce ka haƙura shi ne in kiranshaf na kaɗawa ko bulok ya tsage, ko an taɓa yi masa borin, wato faɗaɗa ramin silinda, har ya ƙure.

Na Baga:
Oga ya faɗi gaskiya amma ni ina bayan yayanka da sharaɗi. Gyaran ba shi ne matsala ba, kayan gyaran ne, kasuwa ta cika da jabu, kwali iri ɗaya rubutu iri ɗaya, ka sa ringi yau bayan wata biyu ka dawo gidan jiya. Sai dai na hannun ma a yi hattara, wanda ya yi aiki a ruwan gishiri wajen Legas ko Fatakwal za ka ga fenti na sheƙi a waje amma hanyoyin ruwan ciki gishiri ya cinye, notina sun kafe in ka matsa su karye. Kar ka biya sai an tayar da shi a cikin duro ya yi zafi a gabanka, a auna shi kamar yadda Oga ya ce. In za ka canza ka nemi Yamaha Enduro don ko ina akwai mai gyaransa da kayansa.

Hajiya Mai Kifi:
Ni ban san fiston ba, fasinja ce ni, amma ɗana ka tuna rayuka kake ɗauka. Inji ya mutu a tsakiyar tafkin Kainji iska ta taso ga kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa, filafili ba zai yi maka komai ba da jirgi cike da buhuna. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwa na Warra a 2021 ba, duk da shi lodi ne ya yi yawa. Kafin ku gama shawara ku rage kaya, kar ku yi dare, rigunan ruwan nan da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa, ke ta magana a kai ku sa wa mutane.

Ɗan Sarkawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya in sha Allah an ji. Oga gaskiya robar nan ban san ranar da aka taɓa canza ta ba, gobe zan sa a sauke giyar a gani. Tambaya ɗaya, yaran suna zuba baƙin mai da ido ne kawai, nawa ya kamata a jarka mai lita 25?

Oga Bakanike:
Rabin lita, wato fetur kashi 50 mai kashi 1, kuma man injin ruwa na tu-sitirok ba na mota ba. In an sa sabon ringi ka ninka shi zuwa lita ɗaya na awa goman farko kuma kar a ba shi wuta sosai. In an auna ka turo min lambobin duka silinda biyun.